Ruwan da Tchima Ta Bari Ya Kwana

Ƙofar Tchima tana kallon tamu. Hawa na biyu muke, cikin jerin gidajen haya da ke bayan titin Wendover, inda ƙugin motoci ba ya yankewa, sai dai ya ragu. Ɗana Kader ne ya kawo ni ƙasar nan bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a Maradi ba. Shi da matarsa tun da safe suke fita aiki, ni kuma in jawo kujera bakin baranda in zauna da carbina. A wannan zaman na san Tchima. Ba tambayarta nake yi ba. Kallo ne da gaisuwa, sai abin da ita da kanta ta ga dama ta faɗa.

Bagobira ce, 'yar Tibiri, gajeruwa, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Tana aiki a ɗakin wanki na wani otal a tsakiyar gari, kusa da tashar bas. Zannuwan gado da tawul take ninkewa tun safe har la'asar, shi ya sa hannuwanta kullum a bushe suke, kullum kuma akwai ɗan gwangwanin man kaɗanya a jakarta. Mijinta Chaïbou yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito nan kusa da mu. 'Yarsu Fa'iza a nan aka haife ta, lokacin tana karatun aikin jinya. In an yi mata Hausa tana ji sarai, amma rabin amsarta da Turanci take fitowa.

Abin da kowa ya san Tchima da shi a gidajen nan shi ne kifar da ruwa. Da an yi ruwan sama an ɗauke, ko takalmin aiki ba ta cirewa, sai ta sauka ta zagaye farfajiya. Murfin kwandon shara, gwangwanin lemo, tsohuwar tayar da yara ke wasa da ita, har kwanon karen wata baturiya da ke ƙasa, duk abin da ya tara ruwa sai ta kife shi. Abokin mijinta, Djibrilla, direban tasi ne, Bazabarme mutumin Dosso, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa, ba a raga wa juna. Shi ya laƙaba mata Duba-gari.

"Duba-gari ta fito rangadi!" haka yake ihu daga cikin motarsa. "Jama'a ku ɓoye kofunanku, kada ta kife muku shayi!"

"Kai zan fara kifewa," in ji ta, ko juyowa ba ta yi. "Kanka ma ruwa ne a ciki, tun daga Dosso yake kwance."

Chaïbou ba ya sa baki. Amma na lura, in yana tafiya wajen motarsa ya ga gwangwani da ruwa, yakan sa ƙafa ya ture shi, ya wuce abinsa.

Wata ranar Asabar na ga Chaïbou yana hawowa bene da tukunyar fure. Mutum ne dogo, marar yawan magana, ya riƙe abin nan nesa da ƙirjinsa kamar an miƙa masa jinjirin wani. Ganyen dogaye ne masu santsi, sun fito a zagaye kamar kan abarba, a tsakiya kuma wani abu ja wur ya miƙe tsaye kamar harshen wuta. Djibrilla yana biye da shi yana tafa hannu.

"Baba, taso ka ga abin mamaki! Bagobiri ya sayi fure! Ba gero ba, ba akuya ba, fure! Amirka ta gama da mutumin nan."

Chaïbou ya yi murmushi. Ya ce a bakin ƙofar kanti ya gan shi, jan ya yi masa kama da wani zane da Tchima ta taɓa ɗaurawa tun suna gida. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Tchima ta fito ta karɓa tana faɗa, wai mi za ta yi da ciyawar da ba a miya da ita. Amma a tagar falo ta aje shi, inda hasken safe ke shigowa, har ta ɗauke rediyon da ke wurin don ya samu fili. Fa'iza ta karanto mana sunansa, bromeliyad. Ba wanda bakinsa ya iya da shi a cikinmu, sai muka riƙa cewa furen Chaïbou.

Ba a daɗe ba, lokacin da ganyen itatuwa suka fara ja suna zuba, Chaïbou ya faɗi a wurin aiki. Zuciya ce, in ji likitoci. Aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa a nan ƙasar. Allah ya jiƙansa. Tun da na san shi ban ji ya ɗaga wa kowa murya ba.

Tchima ta shiga takaba. Mata suka yi ta zuwa da kuloli, daga baya ƙafa ta ɗauke, don a nan kowa yana da aikin da ke jiransa. Gida ya rage daga ita sai Fa'iza sai furen. Ta kama kula da shi yadda muka iya. Mu mutanen ƙasar da ruwa ke wuya, in muna son shuka gindinta muke shayarwa, mu ba ta har ƙasa ta ƙoshi. Haka ta yi, safe da yamma, da butar alwalar mijinta. Sai dai akwai abu ɗaya. Ganyen furen nan a tsakiya sun haɗu sun yi kamar ƙoƙo, duk ruwan da ya fantsama can yake taruwa. Tchima ba ta barinsa. Sai ta karkata tukunyar ta tsiyaye shi, ta naɗa auduga a tsinke ta bi lungu-lungu ta tsane, har wurin ya bushe ƙayau.

Jan ya fara dusashewa, ya koma launin ƙasa. Ganyen da ke ƙasa suka yi laushi. Ta ƙara ruwa. Djibrilla ya kai fasinja wata gonar dawaki a Summerfield, ya dawo da taki cikin leda, ya ce shuka duk ɗaya ce, abinci take nema. Ta zuba. Falon ya yi ta wari, Fa'iza tana buɗe tagogi tana mita. Ana cikin haka wasu 'yan tsirrai uku suka leƙo daga gindin, tsakanin ganye, kamar kunnen zomo. Tchima ta yi murna, har ta kira ni in gani. Ba a yi nisa ba biyu suka yi baƙi daga ƙasa. Ta taɓa ɗaya, ya biyo hannunta.

Ranar ta ƙwanƙwasa mana ƙofa.

"Baba, an ce kai mai lambu ne a gida. Don Allah zo ka duba mini."

Gaskiya ne, na yi lambu shekaru a bakin gulbi, albasa da tumatir da 'yar ayaba. Na sa yatsa a ƙasar tukunyar, na sansana. Ruɓa ce. Na ce mata ta rage ruwa, sauran kuwa ban sani ba, wannan shuka ban taɓa ganin irinta ba. Ta tsaya tana kallon tsiron da ya rage, ɗaya tak, bai kai ɗan yatsa ba.

"Baba, kayansa duk an raba. Riguna, takalma, har agogo. Wannan kaɗai ne ya miƙo mini da hannunsa, kuma yana da rai. In ya mutu a hannuna ban san yadda zan yi ba."

Wadda ta san shukar Perpetua ce, 'yar Pankshin ta jihar Filato, Kirista. Sun yi aiki tare da Tchima a ɗakin wankin, kafin ta koma kula da wata tsohuwa a Summerfield. Tsohuwar tana da ɗaki guda na gilashi cike da irin waɗannan furanni, kuma tun da ƙafafunta suka gaza Perpetua ce hannunta, tsohuwa na kujera tana nunawa, ita tana yi. Ta zo wata Lahadi daga coci da kular gwaten acca, ta ƙara yin gaisuwa. Ina ciki lokacin. Tana shiga idonta ya faɗa kan taga.

"Kai! Maman Fa'iza, wa ya yi wa abin nan haka? Shinkafa kike nomawa?"

"Ruwa nike ba shi, Maman Desmond. Kullum, ban taɓa fashi ba."

"Shi ne ai. Kin ba shi a inda ba ya so, kin hana shi a inda yake so."

Ta aje kular ta yi mana bayani. Ɗan'uwan abarba ne, ta ce, kuma a ƙasarsu ta asali irin wannan bisa itatuwa yake zama, saiwarsa ta riƙo ce fiye da ta sha. A ƙoƙon nan na tsakiya yake son ruwansa ya zauna. Ƙasar tukunya kuwa 'yar lema ta ishe ta, in ta jiƙe sharkaf gindi ne ke ruɓewa. Sai ta dubi Tchima.

"Akwai wata maganar kuma, gara ki ji daga bakina. Uwar nan ba za ta tashi ba. Wannan ba laifinki ba ne. Sau ɗaya suke fure a rayuwarsu, daga nan sai su fara tafiya a hankali, suna tura ƙarfinsu wajen 'ya'yan. Ko tsohuwata da ta yi shekara da shekaru tana wannan aiki ba ta iya hanawa."

Tchima ta zauna a hannun kujera.

"To mi ya rage?"

"Wannan ɗan. In ya rayu, shi ne ita. Jan nan da kika gani, irinsa zai yi, ba bambanci."

Nan take Perpetua ta naɗe hannun rigar cocinta. Aka shimfiɗa jarida a ƙasa, ta zazzage tukunyar, jiƙaƙƙiyar ƙasar da takin Djibrilla suka tafi shara. Ta datse saiwoyin da suka yi baƙi. A bayan motarta akwai buhun ɓawon itace da aka daddatsa ƙanana, shi ta zuba a wata 'yar tukunya mai huji a ƙasa, ta zaunar da uwar da ɗanta a ciki. Tchima ta ce a cire ɗan yanzu kafin ruɓar ta kai gare shi. Perpetua ta ce a'a, sai ya kai kamar rabin tsayin uwar, yanzu daga jikinta yake ci, yaye da wuri kashe shi zai yi. Ta cika ƙoƙon uwar da ruwa, ta ɗiga kaɗan a na ɗan, ta yi sallama.

Na koma kujerata. Ƙofar Tchima a buɗe take. Motar Perpetua ba ta gama fita daga farfajiya ba na ga Tchima ta ɗaga tukunyar ta karkata.

Sanyi ya shigo, aka kunna hita, iskar ɗaki ta bushe har leɓen mutum na tsagewa. Ɗan ya tsaya cik. Bakin ganyensa ya fara naɗewa yana ƙonewa kamar an kara masa wuta. Da Perpetua ta dawo, ta tarar da mu a falon, ni da Fa'iza da Djibrilla, wanda ya kawo buhun shinkafa ya zauna jiran a dafa. Ko zama ba ta yi ba ta sa yatsa a ƙoƙon.

"A bushe. Maman Fa'iza, me na ce miki?"

"Na ji."

"Kin ji, amma kin zubar."

"Ai ba ki san da wa kike magana ba, Madam," in ji Djibrilla. "Wannan ko hawaye ta gani kwance a idon mutum sai ta kife shi."

Fa'iza ta yi magana da Turanci, sannan ta maimaita da Hausa saboda ni. "Mama, cokali biyu ne fa na ruwa. Nan ba Nijar ba ne."

Tchima tana riƙe da wani tawul na kicin, tana ninke shi tana warwarewa.

"Kina da wa," ta ce wa Fa'iza. "Lamine."

"Na sani, Mama."

"Suna kika sani." Ta shimfiɗa tawul ɗin a cinyarta ta lallatse shi. "Damina ce. Ya fara tafiya, yana bin kaji cikin gida. Bayan ɗakinmu akwai fasasshiyar randa, ruwan sama ya taru a gindinta. Zazzaɓi ya kama shi, kafin a samu amalanke a kai shi wajen likita a Maradi jikinsa ya fara sanƙarewa. Muka dawo ba shi. Bayan an share makoki wata malamar asibiti ta zagayo gari tana nuna wa mata inda sauro ke haihuwa. Ta karkato randar nan ta ce in leƙa. Abin na ta motsi a ciki."

Ta sake ninke tawul ɗin, ta ci gaba.

"Ba wanda ya ce mini komi. Babanki har ya koma ga Allah bai tada maganar ba. Amma ni tun ranar ruwa bai ƙara kwana a buɗe a gidana ba. Yanzu a ce in zuba shi da hannuna, in aje a taga, in je in kwanta?"

Djibrilla ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Fa'iza ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar uwarta. Ni kuwa Chaïbou na tuna, da gwangwanayen da yake turewa da ƙafa.

Perpetua ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Ni ma ƙanwata wannan zazzaɓin ne ya ɗauke ta, ba zan ce miki ba komai ba ne. Abin da na sani shi ne, ƙwan sauro ba ya zama sauro a kwana ɗaya ko biyu. In kina zubar da tsohon ruwan kina sa sabo sau biyu a mako, ba abin da zai tashi daga ciki. In kuma ba za ki iya ba, ba ni shi in kai ɗakin gilashi in rainar miki. Tsohuwata ba za ta hana ba."

"A'a," in ji Tchima. "Gidan nan ya kawo shi."

A haka aka tashi. Shinkafar ma ranar ba a dafa ba.

Kwanaki ban ga alamar komai ba, sai ƙarar keken ɗinki da nake ji da yamma. Ashe a ƙasan akwatinta akwai gidan sauron da ta zo da shi daga gida tun zuwanta na farko, bai taɓa ɗauruwa a ƙasar nan ba, ba ta kuma yarda ta rabu da shi ba. Shi ta yanka. Ta lanƙwasa wayoyin rataye riga ta yi musu baka, ta ɗinka ɗan ƙaramin gidan sauro daidai tukunyar, da zare a ƙasa mai tsukewa kamar bakin wando.

Wata Litinin da safe ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, da kayan aiki a jikinta da rigar sanyi.

"Baba, zo ka tsaya mini. Ba abin da za ka yi. In ka ga na miƙa hannu, sunana kawai za ka kira."

Na shiga na tsaya. Ta ɗauko butar Chaïbou, ta yi bisimilla, ta tsiyaya a ƙoƙon uwar, ta tsiyaya a na ɗan. Ruwan ya kwanta, hasken taga ya faɗa cikinsa. Ta kifa gidan sauron a kai, ta ja zaren ta ɗaure, ta bi gefe da yatsa ko akwai kafa. Ta ɗauki jaka. Ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo, hannunta ya nufi zaren.

"Tchima," na ce.

Ta tsaya. Muka fito tare, ta kulle ƙofar, ta fara sauka. A tsakiyar bene ta juyo ta fara hawowa.

"Tchima, bas zai wuce ki."

Ta yi wata dariya da ba ta da nisa da kuka. Ta ƙaraso ta danƙa mini makullin a hannu.

"Kada ka ba ni sai la'asar, ko na roƙe ka."

Ta sauka da gudu. Da ta dawo ko gaisuwar kirki ba mu yi ba, ta karɓi makulli, ta haska fitilar wayarta ta cikin ragar tana leƙe. Ba abin da ke motsi. Washegari da na gan ta idanunta sun nuna barcin bai yi yawa ba, amma ruwan yana nan, ya kwana.

Litinin da Alhamis ta zaɓa don canjin ruwa, ranakun da Chaïbou yake azumin nafila. Takan kwance ragar, ta kai tukunyar wajen famfo, ta tsiyaye, ta ɗauraye, ta zuba sabo. Da Djibrilla ya ga abin sai da ya riƙe ciki.

"Shekara nawa ina ƙasar nan, ba wanda ya taɓa ɗinka mini ko rigar matashi. Ciyawa ta samu gidan sauro!"

"Kai mi za ka yi da shi? Sauro ba ya cizon Bazabarme, yana tsoron ciwon ciki."

Daga nan sai jira. Wani sabon ganye ya fito daga tsakiyar ɗan, kore shar, wani ya biyo shi. Uwar kuwa tana ta ja da baya, ganye na bushewa ɗaya bayan ɗaya, Tchima na datsewa da almakashi. Kusan duk mako sai ta tambaye ni, "Baba, ya kai?" In kara hannuna in ce saura. Ko a lambu ɗan ayaba ba a gaggawar raba shi da uwa, wannan kam na sani. Wani lokaci ta yi tsaki, wani lokaci ta ce to.

Sanyi ya wuce. Lokacin da garin nan ke cika da ƙurar fure rawaya, wadda ke kwanciya a kan motoci tana sa Kader atishawa, Perpetua ta zo ta duba ta ce ya yi. Har ta ce mun ɗan wuce, amma ba laifi. Tchima ta ɗauko wuƙar da Chaïbou ke fiɗa da ita ranar layya. Na wasa ta, aka kara bakinta a wuta. Perpetua ta zare shukar daga tukunya, ta janye busasshen ganyen ƙasa, ta nuna inda ɗan ya manne da uwar.

"Ga shi nan. Ki yanka kusa da uwar, ki bar masa ɗan gindinsa mai tauri. Ko in yi miki?"

"Ni zan yi."

Tchima ta kama wuƙar ta danna. Aka ji ƙaras, kamar an datse rake. Ɗan ya rabu, da 'yan saiwoyinsa kamar gashin jariri. Perpetua ta ce tsohuwarta garin kirfa take barbaɗawa a wurin yankan don kada ya ruɓe. Na ce mu a gida toka muke shafawa. To ina toka a gidan da wutar lantarki ke dafa tuwo? Tchima ta shiga ɗaki ta fito da kaskon turaren wutarta, ta dangwalo da yatsa ta shafa wa uwa ta shafa wa ɗa. Aka bar shi a inuwa ya sha iska har washegari, sannan ta dasa shi a tasa tukunyar cikin ɓawon itace, sama-sama, ba a binne shi da zurfi ba. Sai ya ƙi tsayawa, yana ta faɗuwa gefe. Djibrilla ya sauka motarsa ya dawo da tsinkayen tsiren da ya ci a hanya, aka wanke, aka tokare ɗan da su ta kowane gefe.

"Kin ga amfanin Bazabarme yau," in ji shi.

"Na ga amfanin kwaɗayi dai."

Bayan makonni ta kira ni, ta kama ganye ɗaya ta ɗan ja a hankali. Bai biyo hannunta ba. Ya kama.

Uwar da muka zaci ta gama, da aka raba ta da wannan sai ta sake turo wasu biyu. Su ma Tchima ta jira su, ta yaye su. Daga nan uwar ta bushe ƙurmus. Ba ta sa ta a shara ba. Muka sauka tare bayan gini, ƙarƙashin wata bishiya, na tona 'yar rami da cokalin miya, ta sa ta, ta mayar da ƙasa ta danna da tafin hannu.

Fure kuwa bai zo da wuri ba. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Fa'iza ta gama karatu ta fara aiki a asibiti. A tsakanin nan labari ya bazu cikin mutanenmu. Yawanci in jan ya dushe sai a ɗauka shukar ta mutu a jefar, to yanzu wajen Tchima ake kawowa. Wata ta kawo wanda aka ba ta ranar suna, wani ya tsinto a bakin kwandon sharar ofishin da yake gadi. Akwai mai ruwan ɗorawa, akwai mai ganye zane-zane kamar fatar damo. Tagar ta cika, Kader ya kafa mata katako hawa biyu, gidan sauron ma ya girma ya zama kamar rumfa, sai da ta ƙaro da tsohon labule mai raga. In amarya ta tare, ko wani ya kama sabon gida, Tchima takan je da 'yar tukunya a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ba da umarni kafin ta zauna: ruwa a ƙoƙo, a canja Litinin da Alhamis, kada a sa shi a rana tsaka, kada kuma a saurari Djibrilla a kan taki. Wasu sukan dawo mata da gawa. Takan karɓa, ta ɗaga ganyen ƙasa ta duba ko an bar wani abu.

Bana, wata safiya ana yayyafi, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, hannu kawai ta yi mini. Na bi ta. Ta kwance ragar ta nuna mini ɗan farin nan, wanda aka tokare da tsinken tsire. A can ƙasan ƙoƙonsa, ƙarƙashin ruwan, akwai wani ɗigo ja kamar kan ashana.

Ya yi ta tasowa a hankali har ya miƙe. Bai kai na farko girma ba, amma jan shi ne, ba bambanci, yadda Perpetua ta faɗa. Ranar da ya gama buɗewa aka taru a falon. Perpetua ta zo da gaisuwar tsohuwarta. Djibrilla ya tsaya gaban taga ya daɗe, hannuwansa a baya, muna ta jiran abin da zai fito daga bakinsa.

"Bagobirin nan dai ya san fure," ya ce, muryarsa ba yadda muka saba jinta ba.

Fa'iza tana ta ɗaukar hoto da waya. "Mama, ki tsaya kusa da shi. Kin san fa yanzu shi ma zai fara tafiya."

"Na sani," in ji Tchima. Ba ta kalli wayar ba. Ta sunkuya, ta sa ɗan yatsa ta ɗaga ganyen ƙasa tana leƙen gindin. "Tukuna dai. 'Ya'yan ba su fito ba."

Ta mayar da ragar ta ɗaure. Ruwan da aka wuni ana yi ya ɗauke a lokacin, ana jin ɗigarsa daga indararo. Ta leƙa farfajiya ta taga, ta zura takalmanta, ta bar mu da baƙinta a falo ta sauka. Daga baranda na hango ta ta nufi tsohuwar tayar nan ta yara.